Yadda ake gane ƙarfen tashar nukiliya ya tsufa kafin a ƙara mata shekaru

Tambaya daga wani malamin kimiyya da ke koyarwa a makarantar sakandaren wani ƙauye a yankin Ringim: ya ji a rediyo cewa a Amurka tashoshin lantarki na nukiliya da aka ba wa izinin shekara 40 ana barin su su kai 60, wasu ma 80. Ya ce: "Mu nan injin ban-ruwa in ya yi rani biyar sai ya fara tari, na niƙa ma haka. To tashar da ke cikin zafi dare da rana, ta yaya ake sanin ƙarfenta bai gaji ba? Ɗalibaina sun tambaye ni, ina son in ba su amsa mai tushe."

Malam, ba da ƙidayar shekaru ake sani ba, da awo ake sani. Ita shekara 40 ɗin da ka ji, majalisar dokokin Amurka ta tsayar da ita ne saboda lissafin kuɗi da dokar hana babakere a kasuwa, ba don an gano ƙarfe yana mutuwa a wannan shekara ba. Sai dai da yake izinin na 40 ne, injiniyoyi sun yi lissafin wasu sassa a kan 40 ɗin, shi ya sa duk mai neman ƙari dole ya sake lissafin, ya kawo shaidar abin da ya auna.

Kayan tasha iri biyu ne. Akwai masu motsi: famfo, bawul, injin da tururi ke juyawa. Waɗannan 'yan'uwan injinka na ban-ruwa ne, in sun fara ciwo sukan faɗa da ƙara ko karkarwa ko zafi, a kwance su a sa sababbi. Damuwar tana ga waɗanda ba sa motsi: babbar tukunya, bututai, ginin kankare, wayoyin lantarki. Su tsufansu irin cin gara ne a jikin azara, waje lafiya ƙalau, ciki kuwa an gama. A cikinsu akwai biyu da a aikace ba a sauya su, tukunyar da ginin da ya rufe ta. Ranar da ɗayansu ya gaza cika sharaɗi, yawanci tashar ta zo ƙarshe ke nan.

Bari mu daɗe a kan tukunyar, don ita ce uwar lissafin. A irin tashar da ta fi yawa a duniya, mai aiki da ruwa a ƙarƙashin matsi, tukunyar ƙarfe ce mai tsayin kusan mita 12, faɗinta mita 4 zuwa 5, kaurin bangonta kusan santimita 20 ko sama da haka, an shimfiɗa mata ƙarfe mara tsatsa na 'yan milimitoci daga ciki. Ruwan cikinta yana kusan digiri 300, matsinsa ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 155. Sandunan yuraniyom suna tsakiya, kuma daga cikinsu ƙwayoyin niyutiron ke fitowa da gudu suna dukan bangon. Kowane duka yana ture ƙwayoyin zarrar ƙarfen daga mazauninsu. Da tafiya ta yi tafiya, ɗan jan ƙarfe da nikel da fosfaras da ke gauraye cikin ƙarfen sukan taru su yi ƙananan dunƙule waɗanda sai madubi na musamman ke ganinsu. Ƙarfen ya ƙara tauri, amma danƙonsa ya ragu. Maƙeri ya san wannan ciniki: fartanyar da aka ba wa ruwa ya yi yawa tana da kaifi, amma ta haɗu da dutse sai ta ɓalle maimakon ta lanƙwashe. Gautsi ke nan.

Irin wannan ƙarfe yana da wata ɗabi'a: in yana da ɗumi yana da danƙo, in ya yi sanyi ƙwarai sai ya yi gautsi. Akwai mizanin zafi da yake sauya hali a kai. A sabuwar tukunya wannan mizani yakan kasance ƙasa da digiri sifili, niyutiron kuma suna ta tura shi sama shekara bayan shekara. Lokacin da tasha ke aiki a digiri 300 babu fargaba. Abin tsoro shi ne ranar da bututu ya fashe, na'urorin gaggawa suka kwararo ruwan sanyi cikin tukunya mai zafi alhali matsin bai sauka ba. Ka tuna kwalbar fitila mai zafi in ɗigon ruwa ya faɗa mata. In akwai wata 'yar tsaga a bangon, kuma ƙarfen ya riga ya yi gautsi, tsagar tana iya gudu. Inda aka fi jin tsoro shi ne layukan waldar da ke daidai saitin sandunan makamashi, wato na yuraniyom ɗin, musamman a tukwanen da aka ƙera kafin farkon shekarun 1970, lokacin da wayar walda take zuwa da rufin jan ƙarfe ba a san illarsa ba.

Ba za a yanki bangon tukunya a kai ɗakin gwaji ba, don haka dabarar tun ranar ƙira ake yin ta. Daga ainihin ƙarfen da aka yi tukunyar, da ainihin waldar, ake yanka ƙananan sanduna, a jera su cikin kwanso na ƙarfe, a rataye kwanson a cikin tukunyar tsakanin makamashi da bango. Tukunya ɗaya takan ɗauki kwanso kamar 6 zuwa 8. Da yake sun fi bangon kusa da wutar, niyutiron sun fi dukan su, sai su riga tukunyar tsufa, wani lokaci ninki biyu ko uku. Kwanson da aka ciro a shekara ta 15 yana iya nuna halin da bangon zai shiga a shekara ta 30 ko 40. A cikin kowane kwanso akwai kuma 'yan wayoyin ƙarfe da nikel da jan ƙarfe da kobal waɗanda ake auna haskensu don a san adadin niyutiron da suka ratsa, da 'yan gutsattsarin gami masu narkewa a sanannen zafi, don a tabbatar kwanson bai fi bangon zafi ba. In ya fi shi zafi, sakamakon zai fito da kyau fiye da gaskiya, domin zafi yana warkar da wani ɓangare na lahanin.

Gwajin kansa ɗalibanka za su gane shi nan take. Sunansa gwajin Charpy. Sandar tana da tsawon milimita 55, kauri 10 da faɗi 10, an yi mata tsaga mai zurfin milimita 2 a tsakiya. A cikin ɗaki mai katangar kariya, da hannayen inji, ake ɗora ta, a saki guduma mai lilo ta karya ta, a auna ƙarfin da karyawar ta cinye. Ana karya sanduna goma sha wani abu, kowace a zafi dabam, daga sanyi ƙwarai zuwa zafi, sai a zana layi. A nemo zafin da sandar ke cinye jul 41 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin da aka kashe), a gwada da na sandunan da aka ajiye a waje ba su taɓa shiga tukunya ba. Tazarar da ke tsakani ita ce tsufan. A dokar Amurka, mizanin gautsin ba zai wuce digiri 132 ba ga faranti da waldar tsaye, 149 ga waldar da ta zagaye tukunya, sai da ƙarin nazari na musamman. Kuma ko a cikin zafi sandar ba za ta cinye ƙasa da jul 68 ba. Daga wannan sakamako ake sake zana ƙa'idar kunnawa da kashewa: yawan matsin da aka yarda a sa a kowane zafi, da saurin ɗumamawa ko hucewa, wanda ba ya wuce kusan digiri 55 a awa ɗaya.

Matsalar da tsofaffin tashoshi ke fuskanta yanzu ita ce kwanson yana ƙarewa, tunda don shekara 40 aka lissafa su. Shi ya sa ake ɗaukar rabin sandar da aka riga aka karya, a yi mata walda da sabon ƙarfe a gefe biyu, a sake yin sanda, a mayar cikin tukunya. Wanda ya zubar da karyayyun sandunansa a shekarun baya ya zubar da abin da kuɗi ba sa saya.

In an ga gautsi yana gudu, akwai abin yi. Mafi sauƙi shi ne a jera tsofaffin sandunan makamashi, waɗanda wutarsu ta yi sanyi, a gefen da ke kusa da bango, ko a sa sandunan ƙarfe zalla su zama garkuwa. Ana kuma ɗumama ruwan gaggawa a tankinsa don kada ya shigo da sanyi mai yawa. Rashawa sun ƙware a wata dabara ta maƙera: a fitar da komai daga tukunyar, a zura mata na'urar zafi, a riƙe layin waldar a kusan digiri 475 na tsawon awa 100 zuwa 150, dunƙulen su warwatse, danƙo ya dawo. An yi wa tukwane da dama na ƙirar Rasha mai suna VVER-440 haka, har da ta Loviisa a Finlan a 1996. Wadda ba a iya kawo mata gamsasshiyar shaida ba kuwa rufe ta ake yi: tashar Yankee Rowe a Amurka an rufe ta a 1992 bayan tambayoyi sun taso kan gautsin tukunyarta.

Sai dai a ganina, Malam, abin da ya kamata ɗalibai su fi riƙewa ba tukunyar ba ce, domin ita kowa idonsa na kanta. Ɓarnar da ta auku a zahiri daga wuraren da ba a sa cikin jerin dubawa ba ta fito, ko daga alamar da aka gani aka ba ta wata fassara.

A watan Maris na 2002, a tashar Davis-Besse da ke jihar Ohio, ma'aikata suna gyaran ɗaya daga bututai 69 da suka ratsa murfin tukunya sai suka tarar da rami. Bututan an yi su ne da wani gamin nikel da ake kira 600, wanda daga baya aka gano yana tsagewa a hankali in abu uku suka haɗu: ruwan zafi, ɗaurewar da walda ta bari a jikin ƙarfe, da gamin da ke da wannan rauni. Faransawa sun riga sun ga irin wannan yoyo a tashar Bugey tun 1991. Ruwan tukunya yana ɗauke da asid na boron, wanda ake sarrafa ƙarfin wutar da shi. Ta tsagar ruwan ya riƙa tsattsafowa, yana ƙafewa a kan murfi mai zafi, asid ɗin yana kauri yana cin ƙarfe. Ya cinye kaurin kusan santimita 15, abin da ya rage yana riƙe da dukan matsin nan shi ne shimfiɗar ƙarfe mara tsatsa wadda ba ta kai santimita 1 ba. Alamu kuwa sun yi shekaru suna magana: tarin farin gishirin boron mai launin tsatsa a kan murfin, matatun iska da ke toshewa da jan ƙura akai-akai. An ɗauka yoyon wani mahaɗi ne na sama, ba a share murfin an duba fatar ƙarfen ba. Tashar ta yi shekara biyu a rufe. Tun daga nan ƙa'ida ta tsananta: duk inda aka ga gishirin boron sai an bi shi zuwa tushe, an wanke, an kalli ƙarfen tsirara. Tashoshi da yawa sun sauya murfin ɗungurungum da mai bututan gami 690, wanda kuromiyam ɗinsa ya kai kusan kashi 30 cikin 100, ninki biyu na tsohon.

Na biyu ya ci rayuka, kuma ba a ɓangaren nukiliya ma ya faru ba. Ranar 9 ga Agusta 2004, a tashar Mihama ta Japan, bututun ruwan zafi mai faɗin santimita 56 ya fashe a ɗakin injin tururi, mutum 5 suka rasu. Kaurinsa na asali milimita 10 ne, a wurin da ya fashe bai kai milimita 1 ba. Tun da aka kunna wannan rukuni na tashar, wato tukunyar da injinta, a 1976 ba a taɓa auna wannan gurbi ba, saboda ya faɗi daga jerin wuraren awo. Abin da ke faruwa shi ne baƙin ƙarfe yakan yi wa kansa 'yar fatar tsatsa mai kare shi, ruwa mai gudu kuma yana narkar da ita, ta sake fitowa, ya sake narkarwa, kamar yadda ruwa ke zaizaye gaɓar kogin Haɗejia a inda ya yi kwana. Abin ya fi tsanani a wajen digiri 130 zuwa 150, a gwiwar bututu da bayan duk abin da ke hargitsa ruwa. Irinsa ya kashe mutum 4 a tashar Surry ta Amurka a 1986. Maganinsa ba wuya: a zana layuka kamar gidan dara a jikin gwiwar, a ɗora na'urar sauti a kowace mahaɗa, a rubuta kaurin, a dawo daidai wuraren bayan wasu shekaru. A ce bututu ya sauka daga milimita 10 zuwa 9.2 cikin shekara 4, yana cin 0.2 a shekara ke nan. In ƙaramin kaurin da aka yarda da shi 6.6 ne, saura shekara 13, sai a sa ranar sake awo tun kafin rabin wannan lokaci. In za a sauya, a sa ƙarfe mai ɗan kuromiyam, ko kaɗan ne yana rage cin sosai. Ka iya ba ɗalibanka wannan lissafi a allo.

Ita na'urar sautin 'yar'uwar wadda ake yi wa masu juna biyu hoto da ita ce a asibiti. Tana aika sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfe, in ya ci karo da tsaga ko ƙarshen bango sai ya dawo, daga lokacin dawowar a san zurfin. Ana yin wannan aiki ne in an tsayar da tasha don sauya makamashi, duk wata 12 zuwa 24, kuma cikin kowace shekara 10 sai an zagaye dukan muhimman layukan walda, na tukunya da mutum-mutumin inji a ƙarƙashin ruwa. Tukunyar tururi kuma, inda zafin ruwan babbar tukunya ke tafasa wani ruwan ya zama tururi, tana da siraran bututai dubbai, kaurin kowane kusan milimita 1. Su ana zura musu wata 'yar na'urar maganaɗisu ɗaya bayan ɗaya, wanda aka samu lahani ya ci kashi 40 cikin 100 na kaurinsa a toshe shi ta baki biyu. Mai riƙe na'urar ma sai an jarraba shi da ƙarfen da aka ɓoye wa tsaga da gangan, ya gano ta ya faɗi girmanta, kafin a yarda da rahotonsa.

Sabuwar na'ura takan ga abin da tsohuwa ba ta gani ba, sai tambaya ta taso: yau ya fito ko da shi aka haife shi? A 2012 an gano dubban ƙananan tabo a cikin bangon tukwanen Doel 3 da Tihange 2 a Beljiyam. Sai da aka shafe shekaru ana nazari kafin a tsaya kan cewa tun wajen ƙira iskar haidurojin ta bar su, ba girma suke yi ba, aka sake kunna su a ƙarshen 2015. Da akwai cikakken hoton ranar farko da irin wannan na'ura, da gardamar ba ta yi tsawo haka ba. A Faransa kuwa, binciken shekara goma na tashar Civaux a ƙarshen 2021 ya gano tsaga a bututan ruwan gaggawa, a ƙarfe mara tsatsa da ba a zaci haka daga gare shi ba, kuma a tashoshin da suka fi ƙuruciya. Wannan ya sa aka tsayar da rukunai da dama a 2022.

Gajiyar ƙarfe kuma ƙidaya ce kawai. Kowace kunnawa da kashewa lanƙwasa ɗaya ce, kamar mai karya waya da hannu. Masu ƙira sun ware adadin da aka yarda, ana rubuta kowace, ana tara kason da ta ci, jimillar ba za ta kai 1 ba.

Kankare yana da nasa ciwon. Wani irin tsakuwa yana faɗa da sinadarin siminti in akwai danshi, ya haifar da wani abu mai kumbura, kankaren ya yi tsaga kamar ƙasar fadama da rani. An gano haka a tashar Seabrook ta Amurka wajen 2009, aka kafa ma'aunai a jikin bango ana bin kumburin. Ana huda bango a ciro ɗan gunduwa a matse shi a ga ƙarfinsa, a auna ɗaurin igiyoyin ƙarfen da suka ɗaure ginin, lokaci-lokaci kuma a rufe ginin duka a hura masa iska a ga nawa ke sulalewa. A Crystal River ta jihar Florida, yanka bangon da aka yi a 2009 don shigar da sababbin tukwanen tururi ya sa kankaren ya rabu gida biyu daga ciki, gyara ya gagara, aka rufe tashar a 2013.

Wayoyi kuma, tasha ɗaya tana da abin da ya kai kilomita 1,000. Jan ƙarfen ba ya tsufa, robar da ta rufe shi ce ke bushewa, yadda tiyon ban-ruwa ke yi in ya kwana biyu a rana. Ƙa'idar da ake aiki da ita a kimance ita ce ƙarin digiri 10 yana raba kwanan roba biyu, don haka aikin farko shi ne zagayawa da kyamarar zafi a nemo wayar da ta bi ta kusa da bututu mai zafi. Ana ajiye gutsattsarin waya a irin waɗannan wurare don a riƙa ɗauka ana gwadawa: a ja robar har ta tsinke, in ba ta ƙara rabin tsawonta ba kafin ta tsinke, ba a amince za ta jure ranar haɗari ba. Wayar na iya ba da wuta lafiya yau, amma tururi ya buge ta ta farfashe a daidai lokacin da ake buƙatar famfon gaggawa. Waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa kuma ruwa ne abokin gabarsu, shi ya sa ake buɗe ramukansu ana kwashe shi.

Duk wannan shi ake tarawa a kai wa hukuma. A Amurka tashar Calvert Cliffs ce ta fara samun ƙarin shekara 20 a 2000, Turkey Point kuma ta fara samun izinin kai wa 80 a 2019. Faransa ba ta yanka wa'adi, duk shekara 10 take sake tantancewa. Beznau ta Suwizalan tana aiki tun 1969. A nahiyarmu, Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda rukuninta na farko ya fara aiki a 1984, ta sauya tukwanen tururinta, kuma a 2024 aka ba rukunin izinin ci gaba har 2044. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana tura tawagar ƙwararru mai suna SALTO su duba shirin tasha in ƙasa ta gayyace su, amma hukuncin na hukumar ƙasar ne.

Mu a Najeriya ba mu da tashar lantarki ta nukiliya. Abin da muke da shi ƙaramar na'urar nukiliya ce ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai ƙarfin kilowat 30, da ta fara aiki a 2004, ba ta da irin wannan zafi ko matsi. An dai ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da ake tunanin ginawa. In ranar ta zo, abubuwan da za a nema tun a takardar kwangila su ne: sakamakon awon jan ƙarfe da nikel da fosfaras na kowane faranti da kowace walda, kwanson gwaji da za su isa shekara 80, ba 40 ba, ragowar ainihin ƙarfen tukunyar a ajiye a nan gida, cikakken hoton sauti na kowace walda kafin a zuba makamashi, gutsattsarin wayoyi da gunduwoyin kankare na ajiya, da gwajin tsakuwar da za a kwaɓa kankaren da ita, wanda shi kaɗai yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin a ga ko tana kumbura.